Ranar Da Yaya Ta Hana Magani

Mu biyu ne mata a ɗakin mahaifiyarmu, ni da Yaya. Ita ce babba, ni ce auta, kuma duk wanda ya san mu ya san ba mu ɗauko halin juna ba ko kaɗan. Ni na yi makaranta, ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Kankia, kuma ina da saurin hawa; wannan ba sai wani ya gaya mini ba. Yaya kuwa Ƙofa aka kai ta aure, can ƙasar Kusada, gidan wani manomi mai sanyin hali. A nan ta haifi 'ya'yanta, tana dama fura mutanen unguwa suna saye. Halinta ɗaya ne wanda ba ya ɓoyuwa: ba ta iya cewa a'a. Da za ka roƙe ta zanin da ke jikinta, iyakarta ta ce ka juya baya ta kwance maka.

Ciwon ya same ta ne bayan haihuwarta ta uku. Gudawa ce da jini, ta lafa ta dawo, ta lafa ta dawo. Wasu suka ce basir ne, wasu suka ce atuni. Babu saiwar da ba a jiƙa mata ba, babu ɓawon itacen da ba ta sha ba. Sai da ta rame ta zama kamar ba ita ba, sannan muka kai ta wani babban asibiti a birni. Can aka ce babban hanjinta ne ya yi gyambo tun daga sama har ƙasa, kuma ba abinci ya jawo ba, ba hannun kowa ba ne. An yi ta magani bai ji ba. Daga ƙarshe likita ya ce sai an cire hanjin gaba ɗaya, aka cire.

Bayan wannan aikin ne aka buɗe mata 'yar kafa a gefen ciki, aka manna mata jakar roba, a nan bayan gida yake taruwa. An ce na ɗan lokaci ne, kafin ciki ya warke a yi aiki na biyu. Na san akwai mutanen da suke zaune da irin wannan jaka shekara da shekaru cikin rufin asiri, suna harkokinsu. Amma a Ƙofa, da zafin bazara, abin ya yi wa Yaya nauyi. Gumi yana saki abin mannawar, jakar ta zuba ba shiri. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ta bar makarantar Islamiyyar matan aure. Furar ma ta daina damawa, ba don wani ya ce mata komai ba, ita ce ta yanke wa kanta cewa babu mai sha. Idan na je na same ta a ƙuryar ɗaki ta takure a bakin tabarma, sai in fita bayan rumbu in yi kukana in wanke fuska in dawo.

Ni ranar Asabar kawai nake samun zuwa, ga makaranta ga nawa yaran. Matan unguwa ne suka riƙe gidan. Wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta yi surfe, wata ta kwashe yaran ta kai gidanta. A cikinsu akwai wata tsohuwa da katangarsu ɗaya da su Yaya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Inna yake ce mata. Mace ce mai kaifin baki, ba ta raga wa kowa. Ita ce take shigowa kowace safiya ta tattara zannuwan da suka ɓaci, ta kai bayan gida ta wanke da hannunta. Ba ta taɓa yamutsa fuska ba, kuma ba ta taɓa bari wata ta taya ta ba, don kada Yaya ta ji kunya.

Da lokaci ya yi aka yi aiki na biyu. Likita ya naɗe ƙarshen ƙaramin hanji ya ɗinka mata 'yar jaka a can cikin ciki, ya haɗa ta da hanyar da Allah ya halitta, daga baya aka rufe kafar gefen cikin. Ranar da Yaya ta koma gida ba jakar roba a jikinta, guɗa aka yi kamar an kawo amarya. Ta koma damun fura, ta yi ƙiba, har ta fara tsokanata wai ni ce yanzu nake kama da mara lafiya.

Mun sami fiye da shekara muna cikin wannan daɗi. Da wata damina mijinta ya kira ni a waya, ya yi ta kewaye-kewaye irin nasa, da ƙyar ya fito da maganar: ciki ya sake tashi. Tana zagayawa ba adadi, mara tana murɗa mata, wani lokaci ba ta kaiwa, ga zazzaɓi sama-sama. Ta hana shi faɗa mini. Washegari na ɗauki izini a makaranta, na je na ɗauko ta muka nufi birni.

Likitan mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana. Ya sa aka leƙa cikin da na'ura mai kyamara, sannan ya zaunar da mu. Ya ce jakar cikin ce ta kumbura ta yi ja, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga waɗanda aka yi wa irin aikinta, da yawa suna gamuwa da shi. Ya ce maganin hawa-hawa ne. Ana farawa da ƙwayoyi masu kashe ƙwayoyin cuta, a sha mako biyu cif, kuma mafi yawan mutane a nan suke warkewa. In ya dawo a sake, ko a canza wani, ko a haɗa biyu a tsawaita. Akwai wani gari mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani, 'yan uwan waɗanda ke cikin kindirmo, da ake ba wasu don hana shi dawowa, sai dai yana son firji, kuma mu duka mun san babu firji a ɗakin Yaya. In ƙwayoyin suka gaza, akwai wani mai kwantar da kumburi a cikin hanjin. In shi ma ya gaza, sai a koma ga masu ƙarfi da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, su lallashi garkuwar jiki, a riƙa zuwa asibiti a kai a kai.

Yaya ta ce, "In su ma ba su yi ba hwa, Likita?"

Ya ce ba kasafai ake kaiwa can ba, amma in aka kai, sai a bar jakar ciki a koma ta waje.

Duk bayanin da ya yi a baya iska ta kwashe. Wannan kalma ɗaya Yaya ta ji. Na ga hannunta ya tafi gefen cikinta ya dafe, ita kanta ba ta sani ba.

Da muka karɓo maganin ta duba kwalin, sai ta yi dariya, karo na farko a ranar. Filajil ne. Ta ce, "Yo Auta, duk wagga tahiya don filajil? Wanda ake tallanshi bisa tire a kasuwar Kusada?" Na ce ta dai sha yadda aka ce. Ta sha, cikin 'yan kwanaki ta miƙe garau, muka yi hamdala. Ba a daɗe ba ciwon ya dawo. Muka koma, aka ba ta wani da ake ce wa sifro. Shi ma haka: sauƙi, murna, sannan mijinta ya sake kira yana kewaye-kewaye. A zuwa na uku likita ya haɗa mata biyun. Ya tambaye ta ko tana sha, ta ce tana sha. Ya daɗe yana kallon takardunta, ya ce in wannan karon ma ya dawo, to jikinta ba ya jin ƙwayoyin ke nan, sai mu hau mataki na gaba.

Hutun makaranta ya zo a daidai lokacin, sai na tattara na tafi Ƙofa in ɗan kwana biyu wurinta. Da hantsi muna zaune a tsakar gida ina tsince mata wake, wata yarinyar mace, matar wani maƙwabcinsu, ta yi sallama. Suka gaisa har da tambayar kaji. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce maigidanta ne cikinsa ya ɓaci tun da ya dawo daga kasuwa, ko Yaya za ta taimaka mata da irin nata na birni.

Yaya ta miƙe ta shiga ɗaki. Ina kallonta ta ƙofa, ta buɗe kwallar da ke kan jere, ta ciro maganin, ta ɓallo kusan rabin katin, ta fito ta damƙa mata. Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Ita kuma matar ta kwance bakin zaninta ta ciro wasu jajayen ƙwayoyi ta ce, "Ga na ciwon jiki, tunda na ji kina kukan mara. Shina da kyau ƙwarai." Yaya ta karɓa da hannu biyu tana godiya.

Ban san lokacin da farantin waken ya bar cinyata ba.

Sai daga baya, da zuciyata ta huce, na fahimci abin da na gani. A unguwarsu magani ba na mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya dawo daga asibiti da leda a hannu, unguwa ce ta samu. Yadda mace za ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi in wutarta ta mutu, haka ake shiga a ɗebi ƙwaya biyu. Kuma ba rashin hankali ba ne zalla. Da damina hanyar fita ba ta biyuwa cikin sauƙi, na tire kuwa rana ta gama gasa shi. Na Yaya daga babban asibiti ya fito, a hannun likitan da ya buɗe ciki ya ɗinke, don haka ya yi suna. Har daga garin Yashe wata 'yar uwar mijinta ta taɓa aiko a karɓar mata.

Amma a wannan hantsin ban tsaya fahimtar komai ba. Na bi matar har zaure, na buɗe tafin hannunta na kwashe ƙwayoyin. Na ce mata ko kashe 'yar uwata suke so su yi. Na faɗi maganganu da ƙarfi yadda duk gidajen da ke kusa za su ji, kuma sun ji. Yarinyar ta fita da gudu tana sharar hawaye.

Da na dawo, Yaya tana tsaye inda na bar ta. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci da ni irin na ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta iya ba.

Ta ce, "Auta, kin san wa ta yi mani surfe sadda nike kwance? Ita ce. Da cikinta wata bakwai take yi mani daka. Ke kina Kankia."

Na ce ai wannan daban, wancan daban.

Ta ce, "Mi ya bambanta su? In na sha kwana kaɗan na ji sauƙi, mi zan yi da sauran? In aje shi cikin kwalla ina kallo, mijin mutane na murƙususu?"

Na ce, "Ba saura ba ne, Yaya! Babu saura a cikinsa! An ƙidaya miki shi ne daidai ciwonki!"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. A wurinta, wanda ya warke ya ci gaba da shan magani alhali maƙwabcinsa yana kwance, marowaci ne, kuma rowa ita ce zagin da ta fi tsoro a duniya. Na tambaye ta tun yaushe take rabawa. Ta ce tun maganin farko. Jajayen kuma kusan kullum tana sha, don mata suna kawo mata, kuma ba a mayar da hannun kyauta.

Ba mu jira ranar da aka ba mu ba, muka koma birni a satin. A mota ta yi ta roƙona kada in gaya wa likita. Ba faɗansa take tsoro ba. Cewa ta yi zai ɗauka matan Ƙofa jahilai ne, kuma ba za ta so a yi musu wannan kallon ta dalilinta ba. Na ce mata ko za ta daina yi mini magana har abada sai na faɗa. Muna zama kuwa na zazzage masa komai, ita tana kallon ƙasa.

Na zaci zai yi faɗa, har na shirya taya shi. Sai ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce wannan ne labari mafi daɗi da ya ji a ranar, domin ma'anarsa ƙwayoyin ba su gaza ba, ba a dai ba su dama ba ne. Sannan ya juya ga Yaya, ya yi mata magana a hankali kamar ƙaninta. Ya ce sauƙin da take ji a kwanakin farko ba warkewa ba ne, ciwon ya kwanta ne kawai. In aka yanke magani a tsakiya, ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, kuma kowane zagaye suna ƙara sabawa da shi, har ranar da zai daina yi musu komai. Jajayen na ciwon jiki kuwa, ya ce irinsu suna cin bangon hanji, ga mai jaka irin tata kamar zuba barkono ne a gyambo. Ya ƙara da cewa su ma maƙwabtan ba gata take yi musu ba, domin yawancin ɓacin ciki ba wannan maganin yake so ba, kuma ƙwaya biyu ba ta warkar da wanda yake bukatarsa da gaske.

Ya sa aka gwada bayan gidanta don a tabbata babu wata cutar da ta shigo. Sannan ya rubuta mata biyun a haɗe, na wata guda. Ya ce in ta ji tafin ƙafarta yana mata kamar tafiyar kiyashi, ko agararta tana ciwo, ta daina ta kira shi nan take. Ya ce kada ta haɗa sifro da nono, ta ba da tazara tsakaninsu, don nono yana riƙe shi ya hana shi aiki. Mai sayar da fura aka gaya wa haka. Har ita sai da ta murmusa. Da muka miƙe ya ce, "Hajiya, wannan shi ne gwajin gaskiya. Ki shanye shi ke kaɗai. In kin raba, ba ni da yadda zan san abin da ke aiki, kuma hanyar da ba kya so ita za mu nufa."

Na so in riƙe ta a Kankia har ta gama. Ta yi 'yan kwanaki tana zaune kamar wadda aka ɗaure, tana kallon ƙofa. Kaka ta yi, ana yankan gero, yara suna can, ta ce ita fa sai gida. Na sa ta yi mini alkawari, ta yi. Amma na san Yaya, na kuma san alkawarin da aka yi a Kankia ba lalle ya iya tsayuwa a tsakar gidan Ƙofa ba. Ranar Asabar na hau mashin na bi ta.

Ina isa ba da jimawa ba, Inna ta shigo. Tun faɗan da na yi ba ta amsa gaisuwata sai da ƙyar. Ta rame, tana dafe da ciki, ta zauna a kan turmi tana nishi. Ta ce kwana biyu ke nan ba ta runtsa ba, cikinta kamar ana wanki. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ɗan ba ni irin naki guda biyu in samu in miƙe."

Da wata ce, da na yi magana. Amma Inna ce. Na dubi Yaya, ita ba ta dube ni ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin kwalla. Ta daɗe a ciki. Da ta fito hannunta babu komai. Ta zo gaban tsohuwar ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ki yahe mani. Ba ni iyawa."

Inna ta ce, "Ya ƙare ne?"

Ƙofar ƙarya a buɗe take, ni kaina na so ta bi ta nan. Yaya ta girgiza kai. "Akwai shi. Likita ya ce in ban shanye shi ni ɗaya ba, za a maida mani jakar waje. Duk ciwon nan da ke dawowa, don ina rabawa ne. Inna, ba ni son jakar nan. Wallahi ba ni son ta." Sai kuka ya ƙwace mata.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na yi ƙarfin hali na ce zan sa mai mashin ya kai ta asibiti a Kusada a duba ta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "Ba komi," ta fita. Duk wanda ya girma a cikinmu ya san nauyin wannan kalma in ta fito daga bakin babba. Yaya ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, ni kuma na rasa ta inda zan fara lallashi, don ni na jawo, kuma ko a lokacin ban ga wata hanyar ba. Da yamma muka ji ɗan Inna ya kai ta asibiti, an ba ta nata maganin.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga gidan Yaya. Ba gaba aka yi da ita ba. In an haɗu a rijiya ana gaisawa, yara suna zuwa sayen fura. Amma babu macen da ta sake shigowa neman wani abu. Gidan da a da ba a rufa awa ba a yi sallama ana neman aron taɓarya ko ɗan daddawa ba, ya yi tsit. Inna da suke jin tarin juna ta katanga, ba ta sake leƙowa ba.

Jikinta kuwa sai ƙara kyau yake. Zagayawar ta ragu, murɗar ta tafi, ta fara cin tuwo da marmari. Ni murna nake, ina kiranta kullum in tambayi ciki. Ita kuma amsarta ɗaya ce: "Ciki lahiya lau. Auta, yau ma ba wadda ta shigo." Bakinta yana ɗaci kamar ta tsotsi ƙarfe saboda maganin, ga tashin zuciya, amma ba wannan take kuka da shi ba. Wata rana ta ce mini, "Sadda nike da jakar, gidan nan cike yake da mutane." Tausayinta ya kama ni har na kasa cin abinci a ranar. Na yi ta jin tsoron za ta ɗauki kwallar ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. Ba ta yi ba. Ta shanye shi tas, ita kaɗai, a cikin gidan da babu mai shigowa.

Da wata ya cika muka koma aka sake leƙawa da kyamara. Likita ya juyo mana da allon mu gani, ko da yake ni ban gane komai ba. Ya ce jan ya baje, kumburin ya sauka, jakar ta yi kyau. Bai ɓoye mana ba, ya ce yana iya dawowa wata rana, wasu sai sun riƙa maimaita magani lokaci-lokaci, kuma in ta ji alama ta zo da wuri. Amma maganar ƙarin ruwa da maganar jakar waje, ya ce mu ajiye su gefe. Na rungume Yaya a gabansa ba kunya. Ita ta yi godiya, ta yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba.

Na raka ta har Ƙofa. La'asar ta yi sanyi muka shiga gida. Ko mayafi ba mu cire ba muka ji sallama, sai ga Inna tsaye a bakin zaure, ta riƙe ƙugu.

"Mi likitan ya ce?"

Yaya ta rikice, ta rasa ko ta durƙusa ko ta ba ta wurin zama. Ta ce, "Ya ce jakar cikin ta warke, Inna. Ba za a maida ta waje ba."

"Kin shanye duka?"

"Duka."

Inna ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta shafa a fuska. Sannan ta dube ta ta yi tsaki. "Dube ta, ta bi ta rame don ba a zo roƙo ba. Ni na hana su. Ranar da na hita nan, da cikin nawa da komi, gida-gida na bi. Na ce duk wadda ta taka gidanki neman ko tsinke ne kahin ki gama maganin ga, ni da ita. Na san ki sarai. A shigo aron taɓarya, a ce kai na ciwo, ki tashi ki buɗe kwalla."

Yaya ta ce, "Inna, mi ya sa ba ki hwaɗa mani ba? Na zaci hushi kuke da ni."

"In na hwaɗa maki, da kin ji daɗi kin bi su da shi har gida." Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma Malama, gaskiya gare ki, amma bakinki ya yi yawa." Na ce na karɓa. Ta koma kan Yaya. "To tashi, kin zauna kina kallona. Ba ni aron rariya, tawa ta huje."

Yaya ta tashi da gudu har tana tuntuɓe. Tana cikin ɗaki Inna ta matsa jikin katanga ta ɗaga murya ta ce a shigo, an sake ta. Ashe suna nan kusa, jira suke. Suka yi ta shigowa da sallama, har da yarinyar da na kora, ta raɓe ta bayan wata don kada mu haɗa ido. Ni na je na kama hannunta na ba ta haƙuri. Wannan tana son kanwa, waccan ashana, wata faifai. Yaya tana kai da komo tsakanin ɗaki da madafa, hawaye yana zuba tana dariya, tana miƙa wa kowa abin da ta nema.

Ina zaune a gefe ina kallo, sai na ga wata ta karɓi aron ludayi da hannun dama tana godiya, hannun hagu kuma ta ɓoye shi a baya, riƙe da nata ludayin da ta fito da shi daga gida.